Injiniya da Kalmomi Biyar

Akwai mutum ɗaya a garin Mubi da ya cuci Abdulƙadiri, kuma har yau yana yawo da hula a karkace kamar bai yi komai ba. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Ba malamin da ya kayar da shi nake nufi ba. Ba kuma ubansa da ya tona masa asiri a gaban mutum ɗari biyu ba. Ina nufin wanda ya fara buɗe baki ya kira shi Injiniya.

Ga yadda aka yi. A ƙarshen shekarar 2014, lokacin da 'yan bindiga suka shigo gari kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya iya ya yi ta kansa, Abdulƙadiri ya gudu ƙauyensu Sahuda. Ƙauye ya cika da baƙi, waya babu sabis, kowa na neman jin labarin nasa. Wata rana akuyar uwarsa ta tsinke igiya ta haye wani dutse, ya bi ta yana zagi, yana kaiwa sama sai wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara. Sabis! Kafin la'asar mutane sun yi layi a gindin dutsen, shi kuwa yana sama yana karɓar wayoyi yana ɗaga su kamar mai shanya kaya. A cikin layin nan ne wani marar tsoron Allah ya ce, “Kai, Injiniya!”

Akuyar da ta gano wurin, ko dusa ba a ƙara mata ba.

Da ƙura ta lafa aka buɗe jami'a, Abdulƙadiri ya koma ajinsa na ƙarshe a sashen kwamfuta da sabon suna da sabuwar tafiya. Kwas ɗaya ya rage tsakaninsa da digiri, na tsara mu'amalar mutum da na'ura. Wato yadda za ka shirya fuskar waya ta yadda wanda bai taɓa ganinta ba zai san inda zai danna, ba sai an riƙe masa hannu ba. Mai koyar da shi Dokta Zira ne, ɗan gajere, marar hayaniya, kullum da alli a bayan kunne.

Ranar farko Dokta ya rubuta rabon maki a allo.

“Maki ɗari ne. Zuwa aji, goma. Hira da mutum biyar waɗanda za su yi amfani da abin da ka tsara, ashirin. Ka zana shi a takarda ka ba mutane su gwada kafin ka taɓa kwamfuta, talatin. Sauran arba'in na ranar ƙarshe ne. Ni da kaina zan fita bakin get in ɗauko baƙo, in miƙa masa manhajarka. In ya kai ƙarshe, arba'in naka ne. Amma kai za ka tsaya gefe ka yi shiru. Duk kalmar da ta fito daga bakinka, maki ɗaya ya tafi. Wanda bai haɗa arba'in cikin ɗari ba, mu haɗu baɗi.”

Hannun Abdulƙadiri ya riga ya kai rufi.

“Sa, ina makin basira?”

“Yana cikin shirun nan.”

“Sa, in mutum bai yi bayani ba, ta yaya za a san ya iya?”

“Ƙofar ajin nan ta yi maka bayani kafin ka shigo?”

“Sa, ƙofa daban, manhaja daban.”

“Ƙwarai,” in ji Dokta. “Ita ƙofa ta ci jarrabawarta.”

Aji ya kwashe da dariya. Abdulƙadiri ya juya ya dubi Liyatu, wata yarinya 'yar Kwaja da ke zama kusa da shi, ya ce, “Ki bar shi. Tsoro yake ji. Ya san abin da ke cikin kan nan.”

“Mene ne a ciki?”

“Shanunet.”

“Me?”

Ya gyara zama. Manhaja ce, in ji shi, da za ta kwashe kasuwar shanun Mubi kaf ta zuba a cikin waya. Makiyayi yana kwance a rugarsa zai danna, ɗan kasuwa a Kudu ya danna, sa ya hau mota. Ba dillali, ba rana, ba kashin shanu a takalmi. Nan da shekara biyu sai Turawa sun zo Sahuda neman lambarsa.

“Ke me za ki yi?”

“Ni ƙaramin abu ne. Mata masu wake su san farashin kasuwa kafin su ɗauko kaya daga ƙauye.”

“Wake,” ya ce, ya dafa ƙirji kamar an yi masa rasuwa. “Shekara huɗu a jami'a, wake.”

Daga ranar ya daina zuwa aji, wai Dokta yana rage masa gudu. A maimakon haka ya tafi shagon Adi tela ya sa aka ɗinka masa kakin bautar ƙasa tun kafin a yi jarrabawa, don na gwamnati ba ya zama a jikin mutum mai ƙira. Ya kai kakin Sahuda ya rataye a ƙofar ɗaki inda duk mai wucewa zai gani. Tsofaffi suka yi ta shigowa suna shafa yadin suna sa albarka. Uwarsa ta fara tara gero na walima.

Da lokacin hira da mutane ya yi, ya saka kwat da laktaye, ya goya ƙatuwar jaka, ya nufi kasuwar shanu. A Mubi ta wancan lokacin, ka goya ƙatuwar jaka ka nufi taro? Tun daga nesa 'yan banga suka daka masa tsawa. Ya yi minti ashirin a rana hannu sama yana bayanin Shanunet, har wanda ke binciken jakar ya ce, “Don Allah wuce, ka cika mana kunne.”

A ciki ya tarar da Yaji, tsohon dillali mai jan haƙora, yana zaune kan buhun dusa. Maimakon ya tambaye shi yadda ake ciniki, sai ya tsaya a kansa ya sanar da shi cewa sana'arsa ta mutu.

Yaji ya tofar da goro. “Wayar taka tana buɗe bakin sa ta duba haƙori?”

“Za a sa a kashi na biyu.”

“Tana dukan cinya ta ji nama?”

“Kashi na uku.”

“Tana gane san sata?”

“Kawu, fasaha ba ta tsaya nan ba.”

“To in ta iso nan ka zo mu gaisa. Ka kuwa san mai shanu ba ya...”

“Na sani, na sani,” in ji Abdulƙadiri. Bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen zance ba. Ya ci gaba da lacca. Awa biyu yana yi, bai yi tambaya ko ɗaya ba. Yana cikin nuna yadda kuɗi za su riƙa shigowa ta iska, wani farin bijimi ya miƙo wuya ta bayansa ya zare takardun tambayoyin daga hammatarsa ya hau tauna. Ya kama gefe yana ja, bijimi na ja. Bijimi ya gaji da wasa ya sunkuyar da kai. Waɗanda suka gani sun ce Injiniya ya tsallake shingen kara ba tare da ya taɓa shi ba, laktaye na bin sa a baya kamar wutsiya.

“Ga mutum ɗaya ya amsa tambayoyinka!” Yaji ya ƙwalla masa. “Ya ce babu gishiri!”

Ya koma ɗaki ya cike fom biyar da hannunsa. Dokta Zira ya karanta su a gaban aji. Makiyaya biyar, daga ruga biyar, dukkansu rubutunsu iri ɗaya, kuma kowannensu ya rufe da cewa, “Gaskiya Injiniya ka yi ƙoƙari.”

“Maki biyu,” in ji Dokta. “Na takarda da tawada.”

Zanen takarda kuwa cewa ya yi aikin 'yan firamare ne, bai yi ba. Ita Liyatu ta yanka kwali ta zana hoton wake da masara da gyaɗa, ta yi sati uku tana bin mata a Kwaja suna dangwala yatsa suna yi mata gyara.

Saura mako ɗaya a yi gwajin ƙarshe aka liƙa sakamako a allon sanarwa. Abdulƙadiri B. Sahuda: zuwa aji, uku. Hira, biyu. Takarda, sifili. Jimla, biyar.

Liyatu ta ƙirga da yatsu. “Kana neman talatin da biyar cikin arba'in. Injiniya, kalma biyar kawai kake da shi ranar nan.”

“Sun yi yawa.”

“Kai? Kai da gaisuwarka kaɗai ta fi hamsin?”

“Ki zuba ido.”

“Ka taɓa ba wani ya gwada abin nan tun daga shafin farko?”

“Wa ya san shi sama da wanda ya ƙera shi?”

Ya faɗi haka da ƙarfi, amma yana juya baya ya hau lissafi. Ya tuna kaki a ƙofar ɗaki, ya tuna geron walima. Shekara guda cur a aji ɗaya da yaran da ke gaishe shi! Yana cikin motar Sahuda dabara ta faɗo masa, har ya buga cinyar na kusa da shi.

Dokta zai nemi mai shanu a bakin get. To, a ajiye masa mai shanu a bakin get. Wa ya fi dacewa? Ubansa, Malam Bobboi. Ga sanda, ga malafa, ga shanu na gaske. Abin da ya fi daɗi kuma, Abdulƙadiri ɗan fari ne, kuma Malam Bobboi Bafulatani ne na ainihi mai riƙe da kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in sun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai ya dubi tumaki. Wane ne zai ce sun san juna? Ko a takardun makaranta sunan uban bai wuce harafi ɗaya ba.

Ya same shi a gindin tsamiya yana gyaran igiya. Ya durƙusa daga nesa.

“Baba, makaranta na neman dattijo mai shanu ya duba aikina. Amma dokarsu, kada ka nuna ka san ni.”

Malam Bobboi bai ɗago ba. “Yaushe na taɓa nunawa?”

Kwana uku suna atisaye. Uba na fuskantar gabas, ɗa na fuskantar yamma, waya a tsakiya kan turmi. Yatsan tsohon ya yi kanta da igiya, waya ba ta jin sa. In ya danna, sai ya murza kamar mai kashe kaska. Da aka ce ya sassauta, sai ya lashi yatsan tukuna. Abdulƙadiri ya riga ya yi rajista a wayar tun tuni da sunan kansa, saboda haka daga tsakiya suke farawa, inda ake sayar da sa. Ya taƙaita masa karatun gaba ɗaya.

“Kore, Baba. Duk abin da ka gani, danna kore. Sau uku. Shi ke nan.”

“Kore, kore, kore,” in ji tsohon, yana kallon gabas. “Wannan ne karatun da ake yi shekara huɗu?”

Ranar gwaji babban zaure ya cika. Ɗalibai, malamai, masu shara, har da waɗanda ba su san me ake yi ba, sun dai ga ana shiga. An haɗa waya da majigi da lasifika don kowa ya gani ya ji. Liyatu ce ta fara. Dokta ya fita ya dawo da wata mata mai sayar da awara. Matar ta goge hannu a zani, ta dubi hotuna uku, ta dangwala wake. Waya ta faɗi farashin mudu. Matar ta ce, “Kai! Ashe jiya an cuce ni,” ta miƙa wayar ta koma kan kaskonta. Minti ɗaya. Liyatu ba ta ce uffan ba. Arba'in.

“Sa'a ce,” Abdulƙadiri ya raɗa wa na kusa da shi. “Yanzu za ku ga aiki.”

Dokta ya sake fita. A bakin get, kusa da mai shayi, ga wani dattijo tsaye da ƙafa ɗaya, sanda a kafaɗa, kamar an zana shi. Bayan minti biyar suka shigo tare. Malam Bobboi ya wuce ɗansa kamar ya wuce turke. Abdulƙadiri ya ji daɗi har kunnuwansa suka motsa.

“Kun san juna?” Dokta ya tambaya.

Tsohon ya dubi silin. Abdulƙadiri ya girgiza kai da ƙarfi.

“Madalla. Baba, aikinka ka sa sa guda a kasuwa ta cikin wayar nan. Kai za ka danna. In ta nemi rubutu, ka faɗa, ni in rubuta.” Ya zaro alli daga bayan kunne ya ajiye a gefen allo. Sannan ya ɗauki wayar ya yi 'yan danne-danne. “Na goge rajistar da ke ciki. Baƙo daga farko yake farawa.”

Murmushin Abdulƙadiri ya tsaya a inda yake, ya bushe.

Lasifika ta yi gyaran murya. Muryar Abdulƙadiri ce da kansa, wadda ya naɗa.

“Assalamu alaikum. Barka da zuwa Shanunet, ƙirƙirar Injiniya Abdulƙadiri, matashin da ya gano sabis a kan dutse a lokacin da duniya ta yanke ƙauna...”

Minti uku jawabin nan yake, kuma babu inda ake tsallake shi. Wani daga baya ya ce, “Sa, wannan ba a cirewa?” Dokta ya ce a'a, bakin da ke jikin mutum kaɗai ake ƙirgawa. Da jawabi ya ƙare, maɓallai biyu suka fito. Shuɗi na cewa a ci gaba. Kore na cewa a sake sauraron jawabin Injiniya.

Malam Bobboi ya lashi yatsa ya danna kore.

“Assalamu alaikum. Barka da zuwa Shanunet...”

Zaure ya fara rawa da dariya. Minti uku suka sake wucewa. Tsohon ya sake lasar yatsa. Kore. Ya ƙare, ya sake danna kore. A zagaye na huɗu ɗalibai suna bin jawabin baki ɗaya kamar karatun allo, har da “yanke ƙauna”. Abdulƙadiri ya cusa hularsa a baki. Da ya ga yatsan ya sake nufar kore karo na huɗu, don tsohon ya ɓata lissafi, hular ta faɗo.

“A'a!”

Ƙyat! Dokta ya ja layi ɗaya a allo. “Saura huɗu.”

Tsohon ya tsorata ya dangwala shuɗi. Lasifika ta ce, “Shanunka nawa ne? Faɗi adadi.”

Malam Bobboi ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya dubi Dokta sama da ƙasa.

“Kai mai karɓar jangali ne?”

“A'a, Baba. Wayar ce ke tambaya.”

“Ka ce mata akwai kaɗan, alhamdu lillahi.”

“Lamba take so.”

“Ana ƙirga shanu a gaban mutane? Wa ya rene ta?”

Dokta ya rubuta “kaɗan” kamar yadda aka faɗa masa, ya danna. To, Injiniya ya yi tunanin cewa makiyayi a daji ba zai ji ƙaramin sauti ba in ya yi kuskure. Don haka abin da ya sa wa kuskure jiniya ce. Cikakkiya. Ta cikin lasifikar zaure.

A Mubi ta shekarar nan ba a tambayar dalilin jiniya, ƙafa ce ke amsawa. Kafin ka ƙifta ido rabin zaure na ƙarƙashin benci, rabi na rige-rigen taga. Wani babban malami mai tumbi ya maƙale a ƙofa, takalma suka tashi sama, mai gadi ya shigo a guje da gora yana tambayar ta ina suka shigo. Mutum biyu kaɗai ba su motsa ba, Dokta Zira da Malam Bobboi, wanda ke kallon lasifika yana jiran ta gama kuka.

“Manhaja ce!” Abdulƙadiri ya kurma ihu.

Ƙyat, ƙyat. “Saura biyu,” in ji Dokta, ya kashe jiniyar.

Sai da aka yi minti goma ana zaro mutane daga ƙarƙashin benci ana neman takalma. Waɗanda suka fita suka dawo da ƙarin jama'a. Dokta ya ce, “Baba, ba za ta wuce ba sai da lamba.”

“Rubuta abin da ka ga dama. Ni dai ban faɗa ba.”

Dokta ya rubuta ɗaya.

Muryar Injiniya ta fito cike da tausayi. “Saniya ɗaya. Kana cikin rukunin masu ƙaramin ƙarfi. Kada ka karaya, Allah zai buɗa.”

Malam Bobboi ya sauke sandarsa daga kafaɗa a hankali. “Wa take cewa mai ƙaramin ƙarfi?”

“Baba, waya ce.”

“Ni? Ni da shanuna in sun sauka kogi ruwa ke ja baya?” Ya ɗaga sanda ya auna wayar. Wayar nan kuwa ita kaɗai Abdulƙadiri ya mallaka, kuma Shanunet kaf a cikinta yake. Kalmar “Baba” ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta da ƙyar, ya saki abin da ya biyo bayanta.

“Yi haƙuri!”

Ƙyat, ƙyat. Dokta ya ƙirga layukan da alli. “Biyar. Talatin da biyar daidai ya rage maka. Daga nan ko tari ka yi, sai na saurara na ji ko da harafi a ciki.”

Liyatu ta haɗa hannu tana yi masa addu'a. Abdulƙadiri ya toshe bakinsa da tafuka biyu. Shafi ɗaya ya rage a gama rajista, daga nan sai kore, kore, kore, sai digiri, sai kaki. Ya san akwai tambaya ta ƙarshe, wadda ya kwafo daga wani shafin Turawa don tsaron asusu, amma ya manta wace ce.

Lasifika ta tuna masa.

“Domin tsaron asusunka, faɗi sunan ɗanka na fari.”

Wata tsohuwa mai shara ta ce, “Subhanallahi.”

Malam Bobboi ya sunkuyar da kai ya hau zane a ƙasa da bakin sanda.

“Baba?” in ji Dokta.

Tsohon ya ci gaba da zanensa.

“Faɗi sunan ɗanka na fari,” in ji lasifika. Injiniya ya sa ta riƙa maimaitawa duk bayan daƙiƙa goma, don kada mai amfani ya yi barci.

Dokta ya juya ga ɗalibai. “Ku rubuta wannan. A ƙasar nan, inda ko ni da ba Bafulatani ba na san ba a yi, wani ya tsara manhajar makiyaya da ke tambayar uba sunan ɗan fari. Hira ɗaya ta minti biyar da ta hana wannan.”

“Faɗi sunan ɗanka na fari.”

Gumi ya jiƙa kwat ɗin Abdulƙadiri. Yana yi wa uban alama da gira, da kafaɗa, da gwiwa: faɗi kowane suna! Ka ce Mu'awiya! Ka ce Jibrilla! Amma tsohon da bai dube shi ba shekara ashirin da biyar, yau ne zai fara?

“Faɗi sunan ɗanka na fari.”

“Faɗi sunan ɗanka na fari.”

A karo na shida Malam Bobboi ya buga sanda a ƙasa.

“Kai, wannan wace irin fitina ce! Me ya sa za ku tsare ni a gaban jama'a kuna neman in yi abin kunya?” Ya miƙa sandar gefe, ba tare da ya juya kai ba, ta tsaya daidai kan laktayen Injiniya. “Ga shi nan tsaye. Ku tambaye shi mana. Bakinsa ciwo yake?”

Duk idanu suka bi sandar. Sannan zaure ya fashe. Wasu na dukan benci, wasu na kwance a ƙasa, mai gadi ya jingina da gorarsa yana share hawaye. Abdulƙadiri ya girgiza kai, ya kaɗa hannu, ya nuna tsohon ya nuna kansa ya yi alamar bai taɓa ganinsa ba.

“Yau kuma ni kake musu?” in ji tsohon, yana kallon silin. “Kwana uku ka hana ni kiwo. Kore, kore, kore. Na danna kore, ga abin da ya haifa.”

Nan madatsar ta ɓalle.

“Baba! Ba haka muka yi da kai ba! Na ce kada ka nuna ka san ni! Sa, wallahi ba laifin manhaja ba ne, laifin mai amfani ne, a ƙasashen da suka ci gaba kowa yana faɗin sunan ɗansa, kuma wannan tambaya ta ƙasa da ƙasa ce, ni da na gano sabis a kan dutse...”

Alli na gudu a allo, ƙyat-ƙyat-ƙyat, ɗalibai na ƙirgawa da baya da murya ɗaya. “Talatin! Ashirin da tara! Ashirin da takwas!” Liyatu na ihu, “Injiniya, rufe baki!” Ina! Allin ya karye a sha biyu, Dokta ya zaro wani daga aljihu. Da aka kai sifili zaure ya yi tafi kamar an ci ƙwallo, shi kuwa bai ma kai kashi na biyu na bayaninsa ba.

Dokta ya kaɗe hannu. “Abu biyu ne. Ko in kai maganar baƙon da ka dasa gaban kwamitin ladabtarwa, ko ka maimaita kwas ɗin baɗi, da sharaɗi. Duk ranar kasuwar shanu ka je ka zauna da littafi, ka saurara. Wanda ka zauna wurinsa shi zai sa hannu cewa ba ka yi magana ba.”

Abdulƙadiri ya buɗe baki.

“Ku riƙe shi,” in ji Malam Bobboi. “A gida ma ba a samun wurin sa kalma.” Ya saɓa sandarsa. A hanyar fita ya tsaya gaban teburin Liyatu, ya dubi hotunan nan uku, ya lashi yatsa ya dangwala masara. Waya ta faɗi farashi. Ya gyaɗa kai.

“'Yar nan, wannan yana da tarbiyya. Bai tambaye ni komai ba.”

Geron walima, an yi kunu da shi. Kakin kuwa bai yi asara ba, don yadi ne mai jure ƙura. Duk ranar kasuwa za ka ga wani saurayi sanye da shi, zaune kan buhun dusa kusa da Yaji dillali, littafi a cinya, leɓe na rawa. In ya ja numfashi zai yi magana, sai Yaji ya ɗaga biro ya ce, “In fasa sa hannu?” Sai ya mayar da numfashin.

Amma ku ji abin haushi. Makon jiya wayar wani mai awon hatsi ta ɗauke, Abdulƙadiri ya cire batir ya hura ya mayar, ta kawo. Mutumin ya daka masa kafaɗa a gaban kowa ya ce, “Kai, Injiniya!” Na ga idon yaron ya kawo haske. Na ga ƙirjin kakin ya fara tasowa.

Shi ya sa na ce ba zan kira suna ba, don in na fara, ban san inda zan tsaya ba. Kai da kake karanta wannan kana dariya, ɗan unguwarku nan da ya taɓa juya maka eriya tashar ta fito, me ka kira shi? Faɗi da ƙarfi mu ji. In kuwa ba Injiniya ka ce ba, ga fili, musa.